Taru, Jaka ko Cushe: Wace Raga ce Za ta Kwaso Soson Mai a Ruwan Legas?

Wani Alhaji mai 'yar tashar sauke man gas a gefen rafin da ya bi ta bayan Apapa ya tare ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. An ce masa dole ya tanadi kayan tare malalar mai, dillalai uku sun kawo masa takardun farashi, kowa yana yabon irin ragarsa. Ya ce, "Malam, kai ɗan masunta ne, kuma ka daɗe a wannan aiki. Gaya mini wadda zan saya, kada in zuba kuɗina a ruwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni kwana biyu in tsaya a bakin tasharka in ga yadda ruwan wurin yake tafiya, sannan in amsa." Abin da na faɗa masa daga baya shi zan shimfiɗa a nan, don na san akwai 'yan uwa a Apapa da Ijora da Kirikiri da Ibafon da wannan tambaya take gabansu, wasu masu tasha, wasu samari masu neman kwangilar share ruwa.

Ga wanda bai saba da aikin ba, ga yadda yake. Idan mai ya malala a kan ruwa, ana fara tare shi, a zuƙe mai kaurin da inji. Abin da ya rage, wanda ya yi siriri har inji ba ya kama shi, sai a shimfiɗa masa abin da zai tsotse shi. Mu a bakin aiki soso muke ce masa, ko da yake bai yi kama da soson wanka ba. Akwai na kamfani, farin falle mai laushi kamar bargon jariri, kusan santimita 40 a faɗi da 50 a tsawo, an yi shi da folifirofilin, wato irin robar da ake saƙa buhun shinkafa da ita. Yana shan mai, yana ƙin ruwa. Akwai kuma na gida: dusar katako, ɓuntun shinkafa, zaren ɓawon kwakwa, busasshiyar ciyawa, audugar rimi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce irin waɗannan na tsiro suna ɗaukar mai ninki 3 zuwa 15 na nauyinsu, wasu na roba kuma har ninki 70, amma ni a kan ruwa mai motsi ban taɓa ganin falle ya kai kusa da haka ba. Watsa soso aikin minti goma ne. Kwaso shi kuwa yana iya cin yini, kuma duk soson da aka bari ya tafi ya zama jirgin dakon mai: zai ɗauke shi daga inda ya zube ya kai shi cikin itatuwan bakin gaɓa, ko ƙarƙashin gidajen Makoko da aka gina a kan ruwa, ya sauke shi a can a hankali.

Shi ya sa na ƙi amsa wa Alhaji nan take. Ruwan Legas kala uku ne ga mai wannan aiki. Akwai na cikin lungu, tsakanin ƙafafun tasha da bayan manyan kwale-kwalen dako, inda ruwa yake kwance sai dai idan jirgin fasinja ya wuce ya turo taguwa. Akwai na mashigar jiragen ruwa da faffaɗan tafkin da gadar Third Mainland ta ratsa. Tafkin ba shi da zurfi a mafi yawan wurare, saboda haka da iskar yamma ta taso sai ya yi ta gajerun taguwoyi masu bin juna kusa da kusa, irin waɗanda suke jijjiga komai. Sannan akwai na waje, bayan ganuwar duwatsu biyu da Turawan mulkin mallaka suka jera a bakin mashigar a farkon ƙarni na 20, inda raƙuman teku suke zuwa daga kudu maso yamma, suna ƙara ƙarfi da damina. A kan wannan duka, teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, wato kusan duk bayan awa shida ruwa yana juya hanya. Da damina, idan kogin Ogun ya kawo ruwa cikin tafkin, janyewar takan fi cikar ƙarfi nesa ba kusa ba. Ragar da ta yi maka aiki da hantsi tana iya kifewa da la'asar a wuri guda.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da na'ura ba. Auna mita 10 a jikin tasha, ka sa alama a farko da ƙarshe. Jefa ɓawon lemo, ka duba agogo. Idan ya ci mita goman nan a ƙasa da sakan 30, ruwan ya kai iyakar da shingen mai yake iya jurewa idan aka gitta shi kai tsaye. Yi gwajin da cikar ruwa, ka sake yi da janyewarsa, ka rubuta. A tashar Alhaji ɓawon ya ɗauki fiye da minti ɗaya a cikin lungu, amma a bakin tashar ta waje, lokacin janyewa, bai kai sakan 20 ba. Wannan kaɗai ya soke ɗaya daga cikin takardun farashin nan uku.

Na fara da shinge mai labule, duk da shi ba raga ba ne, don shi ne abin da dillalai suka fi turawa. Abin yawo a sama, labulen tamfol mai kauri yana rataye a ƙasa, sarƙa a gindi tana riƙe shi tsaye. Shi kaɗai ne yake tare man kansa. Wannan magana ina so ta zauna, don na ga mutane sun sayi raga suna zaton za ta hana mai wucewa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, mai ma haka. Raga soso take kamawa, da dunƙulen baƙin mai da ya daskare, ba man da ke shimfiɗe ba. Amma shingen yana da iyaka sananniya: da gudun ruwan da ke dukansa ya wuce kusan santimita 35 a sakan, wato kamar kilomita 1.3 a awa, sai mai ya fara ɓallewa yana bi ta ƙarƙashin labule. Mutum mai tafiya a ƙasa ya ninka wannan gudun sau uku ko fiye. Ana rage matsalar da karkata shingen, ta yadda ruwan da ya ninka wancan gudu sai a shimfiɗa masa shinge a kwane, kusurwa 30, ya riƙa gangaro da mai zuwa gefe. Idan taguwa ta kai mita ɗaya ko ta haura, mai da soso sukan tsallake ta sama. Kuma ko a ruwa kwance, shinge tarawa kawai yake yi, ba ya ɗaga ko falle ɗaya. Sai an shiga da koma ta hannu an kwashe.

Yanzu ga taru, wanda ni da shi na tashi. Igiya a sama da abubuwan yawo, igiya a ƙasa da dalma, raga a tsakani. A kewaye soson da jirgi, a haɗa bakin biyu, a jawo. Kyansa a fili yake. Ruwa yana ratsa shi, saboda haka gudun da zai kifar da labulen tamfol ba ya kifar da shi. Yana da taushi, yana hawa taguwa yana sauka da ita kamar maciji. Masu ɗinka shi suna nan a Legas, kuma idan ya yage, allura da zare sun gyara shi a bakin ruwa. A cikin ragogin nan duka shi ne mafi araha.

Amma tarun kifi an yi shi ne don abin da ke ƙarƙashin ruwa, mu kuwa abin da muke nema yana sama. Kawuna, wanda ya yi rayuwarsa yana su a Yawuri, ya zo Legas ganin likita, na kai shi bakin aiki wata safiya. Ya zauna a kan duro yana kallon yadda muke ja, fallayen soso suna ta haye igiyar sama ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da taguwa ta danne ta. Bai ce komai ba sai da muka fito. Ya kama igiyar, ya auna tsakanin abin yawo da na kusa da shi da hannunsa, ya ce, "Ɗan nan, kifi ƙasa yake nema idan ya ji taru, shi ya sa muke cika dalma. Naku kifin sama yake gudu. Kun ba ƙasa nauyi, kun bar sama a buɗe." Na ce, "To Kawu, yaya za a yi?" Ya ce a rage zurfin ragar, a rage dalma, a matso da abubuwan yawo kusa da juna, a sa manya, a kuma ɗaga ragar ta tsaya sama da ruwa kamar taƙi ɗaya. Abin da muka yi ke nan: muka jera ƙananan jarkoki bibbiyu, muka kafa sandar gora a tsakaninsu, muka ɗaure ragar a jikin sandar, zurfin kuma muka bar shi ƙasa da mita ɗaya. Rage zurfin ya yi wani amfanin da ban yi tunaninsa ba, don kifi ya daina shiga, yana wucewa ta ƙasa abinsa.

Ko da an yi wannan gyara, taru yana da aibi biyu da ba sa gyaruwa. Na farko, lokacin da ake jawo shi yana matse soson, man da aka sha wahala aka tsotse ya riƙa tsiyayowa. Dole a sa sabon soso a bayan tarun yana kama abin da ya zubo. Na biyu, yana son hannaye da yawa da wurin jawowa, gaɓa mai gangara ko jirgi mai faɗin ciki. A ruwa mai tashi sosai, tsayawa a cikin ƙaramin jirgi ana jan taru mai nauyi da santsin mai a ƙafa kasada ce da ba na yarda a sa yaran mutane a ciki. Don haka ni a wurina taru na lungu ne da tafki a ranar da iska ba ta yi yawa ba.

Idan ruwa ya tashi da gaske, ragar jaka ita ce take aiki. Fukafukai biyu dogaye masu abin yawo, suna buɗe a gaba, suna tsukewa zuwa wata doguwar jaka a baya. Jirage biyu suna ja, kowanne da fiffike ɗaya. Ba a jiran soso ya zauna wuri ɗaya, ana bin sa ne, ana kora shi cikin jakar, kuma abin da ya shiga jaka taguwa ba ta fitar da shi, don an rufe shi sama da ƙasa. Wannan ne babban bambancinta da taru da shinge, waɗanda kullum samansu a buɗe yake.

Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne dillali ba ya daɗewa. Tana son matuƙa biyu da suka saba da juna, da rediyon hannu a tsakaninsu, domin idan ɗaya ya ɗara ɗaya da 'yan mitoci sai bakin ragar ya karkace, kayan su zube ta gefe. Tana son tafiyar hawainiya, alhali injinan da ke bayan jiragen fasinjan Legas an yi su ne don gudu, ba sa son jan nauyi a hankali na awa da awanni. Matuƙi ya gaji, ya ɗan ƙara wuta, ya manta cewa idan ka ninka gudu, ƙarfin da ruwa yake dukan raga da shi ninki huɗu yake zama. A nan igiya take tsinkewa, ko abubuwan yawo su nutse. Sannan ga cunkoson mashigar: ba ka isa ka shimfiɗa raga tsakanin jirage biyu a hanyar manyan jiragen da ke shiga Apapa da Tin Can ba tare da izinin hukumar tashoshin jiragen ruwa ba, a hanyoyin jiragen fasinja kuma sai da sanin LASWA, hukumar jihar Legas mai kula da hanyoyin ruwa. Inda wuri ya yi ƙunci, akwai ƙaramar irinta da jirgi ɗaya yake ja, da sanda mai miƙewa daga gefen jirgi tana buɗe bakin ragar. Faɗin da take sharewa kaɗan ne, amma tana juyawa da sauri, kuma matuƙi ɗaya ya isa. Ga mai ƙaramar tasha na fi son wannan.

Babban abokin gabar jaka a Legas ma ba taguwa ba ce, shara ce. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta shigo ruwan Legas ta rafin Badagry a 1984 tana rufe hanyoyi duk shekara idan ruwan daɗi ya yi yawa a tafkin. Ga leda, ga gorar ruwa, ga farin mazubin abinci na kumfa da gwamnatin jihar ta haramta a watan Janairun 2024 amma tsofaffinsa suna nan suna yawo. Jaka ba ta zaɓe. A rana mai shara kana iya cika ta cikin 'yan mintoci, kashi mafi yawa kainuwa ce, kuma da kainuwar ta shafi mai ita ma ta zama sharar da sai an kai ta wurin da ya dace. Saboda haka idan za ka sayi ragar jaka, kada ka dubi tsawon fukafukai, dubi gindin. Shin jakar tana kwancewa a ɗaure bakinta a sa wata? Guda nawa aka haɗo maka? Nawa ne nauyinta idan ta cika? Yi lissafi mai sauƙi: soso kilo 10 da ya sha mai ninki goma ya zama kilo 110, ban da ruwan da ke maƙale da sharar da ta biyo. Jaka ɗaya ƙatuwa sai da injin ɗaga kaya. Idan ba ka da shi, gara ƙananan jakunkuna shida da mutum biyu za su iya ɗagawa. Na taɓa ganin jaka cike taf tana rataye a gefen jirgi, an rasa yadda za a shigo da ita, tana ta ɗigar mai har aka ja ta zuwa gaɓa.

Duk waɗannan ukun suna bin soso ne bayan an sake shi. Akwai hanya ta huɗu, wadda ita nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu tambayata: a sa ragar tun kafin soso ya taɓa ruwa. Wato a cusa shi cikin doguwar rigar raga kamar matashin kai, a ratsa igiya mai ƙarfi ta ciki daga wannan baki zuwa wancan. Mu cushe muke ce masa. Na kamfani yawanci mita 3 ne a tsawo, kaurinsa santimita 13 ko 20, da ƙugiya a kowane baki don a haɗa su. Wurin haɗawa ana ɗora bakin ɗaya a kan ɗaya, kada a bar ƙofa. Idan ya ƙoshi, igiya za ka ja, ya zo hannunka gaba ɗaya. Iska ba ta ɗauke shi, taguwa ba ta watsa shi, ba ka buƙatar jirgi biyu.

Abin da ya sa na riƙe wannan hanya da hannu biyu wani aiki ne da ba na mantawa. Wani ɗan kwangila ya kira mu kan man gas da ya zube daga tiyo a wata tasha. Kafin mu iso ya sa an kawo buhunan dusar katako an watsa a kan ruwa, da yamma, iska tana kaɗawa. Ya miƙo mana kalli, ragar kamun kifi mai siririn zare, ya ce mu kwashe. Dusar ta bi ta idon ragar kamar gari a rariya. Wadda ba ta wuce ba ta sha ruwa cikin dare ta nutse da man a jikinta. Washegari da ruwa ya janye, na taka taɓon bakin gaɓar, ƙafata ta lume, wani baƙin ruwa mai sheƙi ya taso yana warin gas. Wata dattijuwa da ke tsintar ƙaguwa a wurin ta miƙo mini kwandonta ba ta ce uffan ba. Na shinshina, na mayar mata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: da an bar man nan a sama, da ana ganin sa, da ana iya tare shi. Dusar katako tana da arha a Legas, a da masu yankan katako na Okobaba sun daɗe suna tara ta tuli, amma wurinta kan dandamalin tasha ne ko cikin buhu, ba kan buɗaɗɗen ruwa ba.

Cushe na gida yana yiwuwa. Lokacin da jirgin Wakashio ya maƙale a gaɓar tsibirin Morishus a watan Yulin 2020, ya zubar da mai kusan tan 1,000 a watan Agusta, mutanen gari sun ɗinka dogayen riguna sun cusa ganyen rake da gashin mutane, sun sa gorunan roba marasa komai don su yi yawo. Sun taimaka ƙwarai. Amma a malalar Tekun Mekziko ta 2010 hukumomin Amurka sun ƙi amfani da cushen gashi, sun ce yana shan ruwa ya yi nauyi ya nutse. Darasin da na ɗauka shi ne duk abin da ya fito daga tsiro ko dabba sai an ba shi abin yawo, kuma kada ya kwana biyu a ruwa. Wanda ya fita daban shi ne audugar rimi. Zarenta rami ne a ciki, jikinsa da wani kakin da ke korar ruwa, har a da da ita ake cusa rigar ceto ta jiragen ruwa. Tana son mai sosai. Idan ka sake ta haka nan iska za ta tafi da ita kafin ta sauka, amma cikin rigar raga abin mamaki ce, kuma mu 'yan Arewa mun san inda rimi yake.

Ba zan ɓoye raunin cushe ba. Ba shi da labule, don haka a ruwa mai gudu mai yana bi ta ƙarƙashinsa. Idan man mai kauri ne, bayan cushen kawai yake shafa, cikin ya zauna fari fat, an yi asarar rabin kuɗi. Sai ana juya shi ana canzawa. Ga baƙin mai mai danƙo irin na manyan jirage, abin da ya fi shi ne gezar roba, siraran zaruruwa da aka ɗaure tuntu-tuntu a jikin igiya, man ya riƙa mannewa, a jawo igiyar. Kuma saboda ruwan Legas yana juyawa, a ɗaure cushe ta fuska biyu, a bar wa igiyar sarari ta hau ta sauka da ruwa, in ba haka ba za ka dawo ka tarar da shi rataye a iska ko danne a ƙarƙashi.

Kowace ka zaɓa, zare da ido su ne ranta. Folifirofilin da foliyetilin, wato robar jarka, sun fi ruwa rashin nauyi, suna yawo da kansu. Nailan na gaskiya ya fi ruwa nauyi, yana kuma shan ruwa, yana nutsewa. A kasuwar Legas kusan kowace roba nailan ake ce mata, har leda, saboda haka kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Yanki ɗan guntun zaren, ka jefa a bokitin ruwa, ka danna shi ƙasa ya jiƙe, ka saki. Wanda ya taso shi kake so, don ko abin yawo ya ɓalle, ragar ba za ta nutse ta naɗe farfelar wani ba. Folifirofilin ba ya jure rana, yana rududdugewa, a ajiye shi a inuwa cikin duro mai murfi. Ido kuwa ya zama ya fi ƙanƙantar abin da za ka kama ƙanƙanta, amma kada ya wuce haka, domin duk ƙanƙantar ido ƙarin nauyin ja ne da saurin toshewa. Ga fallayen soso, idon da yatsa biyu za su shiga ya isa a fukafukai, a ƙara tsukewa a jaka. Kalli kada ya kusanci wannan aiki: yana cukurkuɗewa, yana yanka hannu, yana kashe kifi.

Wasu abubuwa uku na ja wa Alhaji kunne a kansu. Soso fari shi ne na mai zalla; mai ruwan toka yana shan ruwa da mai duka, a kan teku nutsewa zai yi. Kada a zuba sabulu ko maganin narkar da mai a inda aka shimfiɗa soso, don yana kashe masa ƙin ruwan nan, ya jiƙe ya nutse. Idan kuma fetur ne ya zube, ba a tara shi da shinge ko raga, tara shi tara wuta ne: a kashe injuna, a janye mutane, a kira 'yan kwana-kwana. Sannan dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar ƙasa mai kula da malalar mai, a 2006 ta wajabta kai rahoton malalar mai cikin awa 24. Kayan nan duka na ƙananan malala ne da ƙarashen aiki. Irin ta filin haƙar mai na Bonga a watan Disamban 2011, ganga kusan 40,000 a nisan kilomita 120 daga gaɓa, ba aikin raga da soso ba ne.

Ga abin da na rubuta masa a takarda. Shinge mai labule daidai tsawon da zai kewaye jirgin da ke sauke mai, don cikin lungu. Cushe mai yawa, shi ne kayan yau da kullum, a jera shi ta cikin shingen. Fallayen soso a yi amfani da su a cikin abin da aka kewaye kawai, a ƙirga nawa aka zuba, a ƙirga nawa aka kwaso. Koma ta hannu guda huɗu masu dogon mariƙi. Don bakin tashar ta waje, inda ɓawon lemo ya yi gudu, ragar jaka ta jirgi ɗaya da ƙananan jakunkuna na canji. Babbar ragar jirage biyu, wadda ta fi komai tsada a takardun, na ce ya bar ta, sai dai idan shi da maƙwabtan tasharsa za su haɗa kuɗi su saya tare su kuma horar da matuƙa. Taru na ce a ɗinka a gida irin na gyaran Kawu, a ajiye. Na ƙara masa da abin da babu a takarda ko ɗaya: tamfol na shimfiɗa cikin jirgi, durorin ƙarfe masu murfi, safar hannu, takalman da ba sa santsi, rigar ceto ga kowa, da yarjejeniya a rubuce da mai kwasar shara mai lasisin ɗaukar sharar mai, don kada a kwaso daga ruwa a je a ƙona a bayan katanga.

Ya karanta, ya ce, "Malam, ai wannan bai kai rabin abin da suka rubuto mini ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ragowar ka kashe a kan koyar da yara, ba a fafe gora ranar tafiya." Asabar ɗin da ta biyo muka yi gwaji lokacin janyewar ruwa, muka watsa ɓawon kwakwa a madadin soso. Zagayen farko matuƙin ya yi sauri, bakin ragar ya nutse, rabi ya wuce ta sama. A na uku ya gane saurin da ake so, jakar ta cika, mutum biyu suka ɗaga ta ba wahala. Yanzu wani tela a Agege yana ɗinka mana rigunan cushe, Alhaji kuma ya aika Zariya a haɗo masa buhunan audugar rimi a motar da ke dawowa ba kaya. Za mu gwada su gefe da gefe da na kamfani a watan Yuli, lokacin da ruwan bakin tashar ya fi tashi.